Jan Alama a Gidan Iya

Zuwa ga taubashina Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da injinan da ka bar dangi ka je ka tare da su a bakin dam. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidan ya warke daga murar da ta kwantar da shi, yara suna makaranta, keken ɗinkina kuma yana nan yana kukansa. Jiya da hantsi na leƙa mahaifiyarka. Iya garau take, bakinta bai ragu da komai ba, gwiwoyin ne dai suka ƙi. Tun da murfin lambatun ƙofar gidanku ya rufta ba ta ƙara taka titi ba, sai dai ta zauna a baranda tana amsa gaisuwar masu wucewa.

Saƙonka na in lallashe ta ta koma wajenka ya iso, amma ban sami fuskar faɗa mata ba. Na san kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, sai dai wannan zumuncin bai kai in ce wa tsohuwa ta bar gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki ba. Ka zo ka faɗa da bakinka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna tsohon garejin bas da ke ƙarshen layinmu, wanda muke haura katangarsa muna yara har ka yage wando? Hukumar gari ta kwashe matattun motocin, fili ya fito fetal, kuma wai mu 'yan unguwa ne za mu faɗi abin da za a yi da shi. Da na ji sai da na yi dariya, na ce yaushe aka fara shawara da akuya kan inda za a kafa mata turke?

Sun turo mana wata 'yar siririyar yarinya daga ofishin tsara gari, har mun sa mata Mai Taswira. Ta tara mu a zauren makarantar firamare, a bene, ta shimfiɗa taswirar unguwa a ƙasa, ta ce kowa ya tuɓe takalmi ya hau ya nemo gidansa. Da ka ga manya da furfura suna rarrafe suna neman rufin ɗakinsu, da ka yi dariyar shekara. Mai Kemis har rantsuwa ya yi an rage masa tsakar gida. Da aka nutsu sai ta ce ita ta karanta tsara gari, amma ba ta taɓa kwana a unguwar nan ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nan fa baki ya buɗe. Mai Kemis yana son wurin ajiye motoci, don masu zuwa shagonsa suna tare hanya. Samari suna son filin ƙwallo. Mai Burodi ya ce a fara gyara lambatu kafin a yi maganar ado. Ni kuma, ba zan ɓoye maka ba, na miƙe na ce a jera shaguna. Ɗinki a falo ya ishe ni, zare har cikin abincin maigidan. Aka tashi ba a tsayar da komai ba, amma duk abin da aka faɗa ta rubuta a allo, har da maganar wani da ya ce a kori kwaɗi.

Ka gaida abokan aikinka.

Taka,
Rediyo (tun da ka ƙi daina kirana haka)

*

Zuwa ga Rediyo,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na karanta, kunnena ya yi zafi kamar kina gabana. Ina lafiya, sai ciwon baya na mai wuni a ƙarƙashin injin. Ki gaida angon naki, ki ce Allah ya ƙara masa haƙuri. Ki ci gaba da ba direban motar kayanmu saƙo, don nan sabis sai ka hau dutse ka ɗaga waya sama, shi ma ba kullum ba.

Maganar filinku, kada ki sa rai da yawa. Na ga irin wannan taro da idona. Kafin a fara dam ɗin nan an tara mutanen kwari, aka ba su lemo, aka saurare su har suka gaji da magana, sannan aka yi abin da aka riga aka shirya. Ki je ki yi rarrafenki a kan taswira, amma kada ki sayi fentin shago tukuna.

Abin da ke hana ni sukuni Iya ce. Matar da take zagaye unguwa da ƙafa, babu gidan haihuwa ko na rashin lafiya da ba ta leƙawa, yau ta zama kamar hoto a baranda. Yarinyar da ke kwana da ita ba hira suke ba. Na kama gida a garin da ke kusa da mu, ɗakin ƙasa ne, babu matakala, na sa an yi mata ƙarfen dafawa a banɗaki. In ta zo, kowane ƙarshen mako zan gan ta. Gidan can kuma sai a rufe ko a sa haya. Na san ba za ta so ba, amma wani lokacin ɗa ne yake yanke wa uwa shawara. Da na sami hutu zan zo in ɗauke ta. Ki fara share min hanya, ko da da wasa ne, ke da bakinki ba ya rasa hanya.

Naki,
Dogo

*

Dogo,

Gaisuwa a gurguje, direbanku yana ƙofa yana ta danna min hon. Kowa lafiya, Iya ma lafiya.

An yi zagaye na biyu. Mai Taswira ta zagaya da mu unguwa layi-layi, sannan muka koma kan taswira ta raba mana alamomi, kowa ya liƙa. Dogo, duk unguwar nan babu gidan da ya sha jan alama kamar naku. Ni na fara liƙawa, sauran suka biyo, har rufin ya ɓace. Na roƙa aka ba ni aron taswirar na kai wa Iya. Da na nuna mata, sai hawaye.

Sauran bayani sai wasiƙa ta gaba, mutumin nan zai fasa min kunne.

Rediyo

*

Zuwa ga 'yar'uwa,

Bayan gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, ban ga ta canza ba. Ni za ki gaya wa ma'anar jan alama? Kullum in za ni aiki ta cikin kwarin nan nake bi. Duk gidan da aka shafa wa jan fenti, yau ko tubalinsa babu. Na san gidanmu shi ne a bakin kwana, na san in za a faɗaɗa hanyar shiga filin shi ya tsaya a gaba. Wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne ke kika fara liƙawa, kuma kika rubuto min da hannunki kamar kina ba ni labarin biki.

Don shago? A barandar nan Iya ta yi miki kitso kina kuka, a nan ta ɗaure miki ƙafa ranar da kika taka kwalba. In na ce zan ɗauke ta, ɗanta ne ni, kuma gidan yana nan, duk ranar da ta so ta zo ta gan shi. Ban ce a rushe mata shi a kan idonta ba. Kuma har kika ɗauki takardar kika kai mata, kika tsaya kina kallon hawayenta.

Na nemi hutu an ce sai an gama zuba kankaren da ake yi. Ki gaya wa yarinyar taswirar kada a taɓa ko ƙusa ɗaya sai na zo. Wasan taubasantaka kuma a ajiye shi haka nan.

Ɗan Iya

*

Rediyo,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya.

Ruwa ya cinye gadar da motarmu ke bi, an yi makonni babu shiga babu fita, ban sani ba ko wasiƙata ta baya ta iso ki ko tana cikin jakar direba. Na hau dutsen nan har ƙafata ta kumbura, waya ta ƙi shiga. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Na yi zafi a waccan wasiƙa. Ban janye tambayata ba, amma akwai kalmomin da da na kwana a kansu da ban rubuta ba. Ki bar maganar gida. Ki gaya min halin da Iya take ciki kawai. Tana cin abinci? Wa ke zama da ita da rana? In ma fushi kike, ki rubuta layi ɗaya ki ba direba.

Dogo

*

Zuwa ga taubashina, sarkin masu saurin fushi,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Iya tana cin abinci, har tana ƙorafin ba a sa mata gishiri. Ka sauke numfashi, sannan ka nemi wuri ka zauna.

Wasiƙunka biyu tare suka iso. Na fara buɗe mai zafin, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ta soke ni. Na bar ɗinkin mutane na shiga ɗaki na yi kukana. Maigidan ne ya ɗauka ya karanta, ya ce in tuna masa abin da na rubuta maka. Da na faɗa sai ya kama ciki yana dariya, ya ce shi ma da haka aka rubuto masa da tuni ya taho a ƙafa. Sai a lokacin na gane ɓarnar da gaggawa ta yi min.

Dogo, alamomin kala biyu ne. Baƙi na wurin da ke damun mutum, ja na wurin da mutum yake ƙauna, wanda ba ya so a taɓa. Lambatun ƙofarku ya sha baƙi har ya gaji. Gidanku kuwa ja ya sha, saboda barandar. Mai Burodi ya ce a nan ya fake wa ruwa ranar da ya fara zuwa unguwar nan bai san kowa ba, Iya ta miƙo masa kujera. Malamar firamare ta ce a nan take jiran bas tana yarinya. Samarin ƙwallo suka ce duk unguwa nan ne kaɗai ake ajiye ruwan sha a waje ba a tambayi ɗan wa kake ba. Abin da na gaya wa Iya ke nan ta yi hawaye. Ta ce ita ta ɗauka tun da ta daina fita an manta da ita.

Kuma ka yi gaskiya a abu ɗaya, a zanen farko hanyar shiga filin ta gefen barandarku ta bi, za ta ci matakalar. Da Mai Taswira ta ga jan nan sai ta mayar da ƙofar filin ɗaya gefen.

Yanzu ga wanda ya fi daɗi. Yarinyar nan ta dubi masu zuwa taro ta ce ba ta ga tsofaffi ba, ina suke? Aka ce mata zauren a bene yake, wa zai hau? Sai ta ce to taron ne zai sauko. Ta je da kanta ta durƙusa ta roƙi Iya aron baranda. Iya ta ce sai ta yi shawara, yarinyar tana juya baya Iya ta aika a kira ni in zo in guge mata mayafi.

Ranar taron aka tare layi da bencina. Tsofaffin da na yi shekaru ban gani ba suka fito, wani a keken guragu, wata jikokinta sun riƙo ta hagu da dama. Mai Kemis da samari suka dasa gardamarsu daga inda suka tsaya, motoci ko ƙwallo, har murya ta fara tashi. Iya tana zaune tana jin su. Can ta buga sandarta a ƙasa, wuri ya yi tsit.

Ta ce, "Ku yi motocinku, ku yi ƙwallonku, duk ɗaya ne a wajena. Daga nan zuwa filin nan, a ƙafarku kusa ne, a tawa tafiya ce. Filin da ba zan iya isa ba kuwa, ko da zinariya kuka shafe shi, ba nawa ba ne."

Mai Taswira ta tambaye ta me zai sa ta isa. Ta ce a rufe ramin ƙofarta, sannan a sa mata wurin zama a hanya, in ta gaji ta huta ta ƙara gaba. Ta ce kuma mai majingina, ba irin bencin da ake yi don kada mutum ya daɗe ba. Sai tsofaffin nan suka ɓarke, kowa da abin da ya daɗe yana ci masa rai. Wannan ya ce fitilar kwanar layi ta mutu, wannan ta ce tsallaka babban titi sai da addu'a. Mai keken guragu ya ce shi bai taɓa shiga shagon Mai Kemis ba saboda matakala, ta taga ake miƙo masa magani. Mai Kemis ya sunkuyar da kai, washegari da safe na ga magini a ƙofarsa.

An kaɗa ƙuri'a da ɗaga hannu. Lambatu ne farko, sai bencina a layi, sai fili: rabi na ƙwallo, rabi bishiyoyi da wurin zama da famfo. Motoci sun faɗi. Shagunana ma sun faɗi warwas, hannuna da na maigidan ne kawai a sama, shi ma sai da na harare shi. An dai yarda masu sana'a su kafa tebur a gefe ranakun hutu. Ni da Mai Kemis mun yi wa juna jaje.

Maganar ajiye wasan taubasantaka kuwa, ba kai ka ƙulla shi ba, ba kai za ka kwance ba.

Taka,
Rediyo

*

Zuwa ga taubashiyata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, yau kam da gaske.

A gindin injin na karanta wasiƙarki. Na yi dariya, na sake dariya, har yaran aikina suka fara kallon juna. Ban san inda zan sa fuskata ba. Na auna ki da mudun da ba naki ba, na ɗauko abin da na gani a nan na ɗora miki. Ki yafe min. Ki ce wa angonki na gode, ashe duk gidan shi ne mai hankali. Amma ke ma, mutum ya yi shekara arba'in yana zuba kamar rediyo ba a iya kashe shi, sai ranar da ake buƙatar bayani ya ga damar taƙaitawa?

Abin da ya fi taɓa ni sandar nan da ta buga. Na san wannan bugun, da shi aka raine ni. Na ɗauka ya tafi tare da gwiwoyin.

Duk da haka ban saki maganar ɗakin ba. Ɗaga hannu daban, zuba siminti daban. In na zo na tarar da ramin nan a buɗe, zan ɗauke ta ko unguwa duka za ta liƙa min baƙar alama a goshi. Ki karanta mata wannan, ki gaya min abin da ta ce ba ragi.

Naki,
Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yara sun gaishe ka. Na yafe, amma yadin da za ka kawo min na ban-haƙuri kada ya gaza na riga da zani.

Na yi jinkirin amsa da gangan, ina so in rubuto maka abin da idona ya gani. An rufe lambatu. Ba a yi shi cikin sauƙi ba, ma'aikatan sun fara suka ɓace, sai da muka yi ta sintiri ofis ni da Mai Burodi, Mai Taswira tana shigar da mu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Filin kansa har yanzu ƙasa ce da turaku da igiya, an ce sai bayan damina. Amma bencina sun iso. Samarin ƙwallo ne suka sauke su, Iya tana baranda tana nuna inda za a kafa na farko da sanda. Sai da ta sa aka matsar da shi, wai rana za ta doke shi da la'asar.

Shekaranjiya da yamma ina ɗinki sai ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ta ce in fito. Na fito na ga Iya a titi. Ita kaɗai, da sandarta, ta hana kowa riƙe ta. Ta isa benci na farko ta zauna, ta huta, ta gaisa da mutane. Ta tashi ta kama na biyu. Layin nan kaf aka fito ƙofa, kowa yana yi kamar wani abu ya fito yi. A na uku ta tarar da tsohuwar ƙawarta ta layin baya, wadda rabonsu da haɗuwa tun kafin ramin. Suka riƙe hannun juna suna dariya, daga nan ba su ƙara gaba ba, hira ta ci filin. Sai da duhu ya fara muka rako su gida.

An kafa kwamitin da zai sa ido a kan aikin filin, an sa Iya a ciki, a barandarta ake zama. Na karanta mata wasiƙarka kamar yadda ka ce, na haɗa da ta farko mai maganar ɗaki da ƙarfen banɗaki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yi maka albarka, ta share ido. Sannan ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa:

"Ka ajiye min ɗakin, kada ka ba kowa. Zan zo in gan ka in na sami hutu. Yanzu aiki ya yi min yawa."

To, ka ji. In ka zo ka taho da takalmin aiki, don ta riga ta faɗa wa kwamiti ɗanta ne zai haɗa famfon. Bari in tsaya nan, yau za a zaɓi irin bishiyoyin da za a dasa, kuma duk wanda ya makara a tsaye yake yin taron.

Taka har kullum,
Rediyo